Lissafin Da Ban Yi Ba A Sinkase

Ni malamin firamare ne a nan Bè, na yi makarantar horon malamai ta Notsé, kuma shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina koya wa yara tarawa da ɗebewa. Na faɗi haka ne don a san cewa abin da zan ba da labari bai same ni don rashin sani ba. Lissafin da ya kamata in yi, ɗan aji huɗu ma zai iya yin sa a kan allo, amma ni ban yi shi ba sai bayan da mai afkuwa ta afku.

Mu 'yan zango mun daɗe da sanin motar akori-kura, wadda a garin nan ake kira bashe saboda tamfol ɗin da ake rufa mata. Marigayi mahaifinmu ya sha ba mu labarin shekarar 1977, lokacin da aka rushe tsohon Zango na tsakiyar Lome aka mayar da jama'a can Agoè, arewa da gari. Ya ce a bayan Peugeot 404 aka yi ta jibga gadaje da tukwane da kekunan ɗinki, yara kuma a can ƙololuwa. Shi bai bi ayari ba, ya kama haya a Bè, inda aka haife mu. Tun muna yara muka tashi da tunanin cewa bashe jaki ce ta ƙarfe, duk abin da aka ɗora mata za ta ɗauka.

A shekarar 2017 ni da ƙanina muka haɗa kuɗi, ni da abin da na kwasa a adashi, shi da abin da ya tara a aikin direba, muka je wuraren sayar da tsofaffin motoci na kusa da tashar jiragen ruwa muka sayi Toyota Hilux ta hannu. Shi ke tuƙi, ni ke riƙe da littafin shiga da fita. Siminti muke kai wa masu gini, wani lokaci doya daga arewa. Buhun siminti kilo 50 ne, kuma mun lura da zarar mun wuce buhu 20 sai gindin motar ya zauna, hancinta ya ɗaga sama, fitilunta su riƙa haska rassan itatuwa. Sai ƙanina ya ce, "Yaya, kowa a tasha ƙara sifirin yake yi, mu kaɗai muka rage." Muka kai ta wurin wani makaniki, ya ƙara falle uku-uku a kowane gefe na sifirin ɗin baya, wanda su suke kira lam, ya kuma yi mana waldar ƙarfe a sama da ƙugiyar jan tirela a baya. Daga ranar muka riƙa ɗora buhu 30 tana tsaye cak. Na rubuta kuɗin aikin a littafi, na ja layi biyu a ƙasa, ina murna mun yi dabara.

A cikin wannan shekara ne na haɗu da wani Bature da matarsa a bakin teku, irin masu yawon nan da ke ratso ƙasashe da mota. Tasu ma akori-kura ce, sai dai sun ɗora mata ɗaki guda a baya, da gado da murhu da tankin ruwa. Da yake ina jin Faransanci, na tsaya muka yi hira, na tambaye shi falle nawa ya ƙara. Ya nuna mini wasu jakunkunan iska da ya sa a ƙarƙashi don motar ta daidaita, sannan ya ce duk da haka kafin su baro gida sai da ya hau sikeli da motar, gaba daban baya daban, domin lambar da ke kan katin mota ba ta canzawa don an ƙara ƙarfe. Har ruwan sha yana lissafawa, lita ɗaya kilo ɗaya. Na yi dariya a zuci, na ce Turawa da tsoro.

Babbar Sallah ta 2019 ta zo ranar 11 ga watan Agusta, muna cikin dogon hutu, ga damina, albasa kuma ta yi tsada a Lome. Muka yanke shawarar zuwa Sinkase, bakin iyakar Burkina Faso, tafiyar fiye da kilomita 600, mu sayo albasa da raguna. Muka ari ƙaramar tirela marar birki wurin wani maƙwabci. Muka ɗauki yaron mota, wanda tsohon ɗalibina ne, ni na koyar da shi a aji biyar, uwarsa kuma ta zo har gida ta ce, "Malam, ga amana nan, ya samu na ɗinkin Sallah."

A Sinkase muka loda albasa buhu 14, kowanne bai gaza kilo 100 ba, tirela kuma muka zuba mata raguna 12. Wani dattijo tsohon direba, abokin mahaifinmu, yana zaune a rumfa yana kallonmu. Ya taso ya zagaya motar, ya dafa tayar baya, ya ce, "Ɗana, ka rage buhu biyar, ka dawo ka ɗauka." Na ce, "Baba, dubi yadda take tsaye, ko alamar kaya ba ta nuna ba." Ya ce, "To, ai shi ne abin tsoron. Allah ya kiyaye hanya." Na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai.

Mun wuce Dapaong da Mango, wadda kakanninmu fatake ke kira Sansanin Mango, muka kwana a Kara. Da asuba muka hau duwatsun Bafilo da Alédjo, kuma tun a gangaren nan na ji warin birki, na ga ƙanina yana taka shi har ƙasa yana salati a hankali, tirela tana turo mu ta baya. Mun sauka lafiya, muka ce mun tsira. Bayan Sokode, rana ta ɗaga, aka yi ɗan yayyafi, muna kan shimfiɗaɗɗiyar hanya tsakanin Sotouboua da Blitta, sai muka ji ƙara kamar bindiga. Tayar baya ta dama ce ta fashe. Motar ta karkace, tirela ta yi wutsiya ta ja mu, birki bai kama ba, muka faɗa kwalbati. Ni da ƙanina muna gaba, ƙujewa kawai muka yi. Yaron yana saman buhuna, ya faɗo, buhu biyu suka danne masa ƙafa. Raguna uku sai yanka su aka yi a bakin hanya.

Kwana tara na yi a bakin gadonsa a asibiti, a can na yi Sallah. A daren na uku barci ya ƙi zuwa, na ciro katin motar daga aljihu na juya bayan takardar magani na fara lissafi. A katin akwai nauyin mota ba kaya, wanda ake rubutawa PV, da kuma iyakar nauyin da aka yarda ta kai da kaya da mutane, wato PTAC. In ka ɗebe na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne kayan da za ta iya ɗauka. Namu ya ba da kilo 1,000 da 'yan kai. To amma daga cikin wannan sai ka cire mu uku, kilo 200. Ka cire ƙarfen walda da ƙarin sifirin da tayar safiya ta biyu da jarkokin mai, a ƙiyasina kilo 200. Ka cire abin da harshen tirela ke dannawa a kan ƙugiya, wanda yakan kai kashi ɗaya cikin goma na nauyinta, kusan kilo 100. Abin da ya rage wa albasa bai wuce kilo 500 ba, buhu biyar ke nan. Mu kuwa 14 muka ɗora. Ashe ko shawarar Baba ma da sassauci a cikinta.

Tirelar da ragunanta ta kusa kilo 900, alhali a ƙasashen Turai, inda aka fi tsananta wannan doka, ƙaramar mota ba ta jan tirela marar birki da ta wuce kilo 750. Da na koma wurin da aka ajiye motar na duba jikin tayar da ta rage, na ga lamba 106 bayan girmanta. Wannan lamba tana nufin taya ɗaya ba ta ɗaukar fiye da kilo 950, biyu ke nan kilo 1,900, kuma wannan a sabuwar taya mai cikakkiyar iska. Abin da muka ɗora wa tayoyin baya, har da nauyin gindin motar kanta, ya haura kilo 2,300. Taya in an danne ta fiye da kima, gefenta ya riƙa lanƙwasa yana miƙewa a kowane juyi, ta yi zafi daga ciki har zaren ya rabu da roba. Tun daga Sinkase tayar nan take dahuwa muna zaune a kanta.

Akwai wani abu kuma da ban sani ba sai da wani makanikin kirki ya kwanta ƙarƙashin motar ya nuna mini. Irin waɗannan tsofaffin motoci suna da wani ɗan famfo a jikin shasi, da siririn ƙarfe da ya haɗa shi da aksul ɗin baya. Aikinsa shi ne auna yadda mota ta zauna: in ta zauna sosai, ya san akwai kaya, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, in ba ta zauna ba sai ya rage don kada tayoyi su kulle. Da muka ƙara sifirin motar ta daina zama, wannan famfo ya ci gaba da ba mu birkin mota marar kaya alhali muna ɗauke da tan ɗaya da rabi. Zaman gindin mota da muke jin haushi, shi ne hanyar da take gaya mana cewa ya isa, mu kuma muka biya kuɗi aka toshe mata baki. Sifirin ya ƙaru, amma taya da birki da aksul da shasi suna nan yadda kamfani ya ƙera su.

Ba na cewa kada a gyara sifirin. In ya gaji ko ya karye a canja shi, in shakazoba ta mutu a sa sabuwa, wanda kuma kullum yake ɗaukar kaya daidai iyaka zai iya ƙarfafa shi don mota ta daidaita, muddin an sake saita famfon birkin nan. Wanda kayansa suka fi tan ɗaya, ya yi sawu biyu ko ya nemi babbar mota. Su ma manyan motocin suna da iyakarsu. Ƙasashen UEMOA, har da Togo, sun kafa doka mai lamba 14 a shekarar 2005 wadda ta ƙayyade nauyin da kowane aksul zai ɗauka, don ceton hanyoyi. Dalili kuwa, tun gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 aka gano cewa in an ninka nauyin aksul sau biyu, ɓarnar da yake wa kwalta takan ninku wajen sau 16. Ramukan da muke zagi a hanyar arewa, da hannun masu lodi a ciki.

Na san abin da 'yan'uwana direbobi za su ce: mai ya yi tsada, kuɗin hanya ya yi yawa, in ba a cika mota ba ba a fita. Gaskiya ne, ni ma na riƙe littafin, na san yadda ribar take ƙanƙanta. Amma ga abin da littafin ya nuna a ƙarshen wannan tafiya. Ribar da muka hango a buhu tara na ƙari ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na abin da muka kashe a asibiti da gyaran mota da biyan tirelar maƙwabci ba. Garin neman ƙiba muka samo rama. Wannan kuma kuɗi ne, ana mayar da shi. Yaron nan da yake buga ƙwallo a filin makarantarmu, yau tela ne a kusa da kasuwar Bè, yana ɗingishi, kuma duk safiya in zan wuce sai ya miƙe ya ce, "Malam, ina kwana." Uwarsa ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, cewa ta yi ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma ni na san katin motar yana aljihuna a Sinkase, da biro, kuma dattijo ya yi mini magana.

Motar tana nan, mun cire falle biyu a kowane gefe, ƙanina ya rubuta 900 da jan fenti a ƙofar baya, kuma ba mai hawa saman kaya ko da ɗan wane ne. A aji kuwa, duk shekara in mun zo darasin kilo da tan, nakan kawo kwafin katin mota in rubuta lambobin a allo, in ce yara su gaya mini buhu nawa za a ɗora. Da yawansu 'ya'yan direbobi ne da 'yan kasuwa, nakan ce su je gida su tambayi iyayensu katin tasu motar. Wani uba ya taɓa zuwa ya same ni yana dariya, ya ce, "Malam, ka sa ɗana ya zama jandarma a gidana." Na ba shi kujera, na ba shi wannan labari, bai ƙara dariya ba.

Don haka ina roƙon duk mai bashe a Bè da Agoè Zango da sauran zangunanmu, kafin tafiyar Sallah mai zuwa ya ciro katinsa ya ɗebe PV daga PTAC, ya cire mutane da ƙarafa da harshen tirela, sannan ya sunkuya ya karanta lambar da ke jikin tayarsa. In lissafin ya gagara, ya kawo mini makaranta bayan an tashi, ko ya ba ɗansa na aji huɗu. Allah ya tsare mu da abin da muka ɗauko, ya kai kowa gida lafiya, amin.