Gada Mafi Rauni

Wani direban babbar mota mai ɗaukar albasa daga Galmi ba ya tambayar hanyar da ta fi kusa. Abin da yake bincika shi ne gadar da ta fi rauni a kanta. Idan gadoji biyu suna ɗaukar tan 40, ta uku kuwa tan 15, to a wurinsa hanyar ta tan 15 ce, kuma albasar da aka sauke a tsakar daji ruɓewa take yi. Don haka yakan zaɓi hanyar da gadarta mai rauni ta fi na sauran ƙarfi, ko da zagaye ne.

Ɗiyarsa ta tarar da wannan matsala a darasin kwamfuta, inda aka sauya dabarar Dijkstra ta 1959: maimakon tara nisa, a riƙe mafi ƙarancin ƙarfin kowace hanya, a bi mafi girmansu.

Ta ce, "Baba, ai lissafinka ne."

Ya ce, "Su ma albasa suke ɗauka?"