Ciwon 'Yan Tanis a Garin da Ba a Buga Tanis

Rubutuna na wannan makon a kan wani ciwo ne da sunansa ya sha bamban da masu fama da shi. Likitoci na kiransa ciwon gwiwar hannun 'yan tanis, amma daga Jega zuwa Aliero har Maiyama, masu ɗauke da shi kafintoci ne da makanikai, masu ɗinkin buhun albasa, da iyayenmu mata masu daka da matse wanki.

Sunan ma daga baya ya zo. A 1873 wani likitan Jamus mai suna Runge ya bayyana ciwon, kuma da yawan rubutu ya danganta shi. A 1882 ne Henry Morris na Ingila ya jingina shi ga wasan tanis. Ashe mu masu riƙe alƙalami muna da gado a ciki.

Ga yadda yake aukuwa. Tsokokin da ke ɗaga wuyan hannu suna ɗaure ne da jijiya a jikin wani tudun ƙashi da ke gefen gwiwar hannu ta waje. Idan mutum ya shekara yana damƙa, yana murɗawa, yana ɗagawa, sai jijiyar ta riƙa tsattsagewa kaɗan-kaɗan, kamar igiyar guga da ke gogar bakin rijiya. Daga nan ɗaukar buta ko gaisawa da hannu ya zama aiki. An ƙiyasta yana kama mutum 1 zuwa 3 cikin 100 na manya, galibi masu shekara 35 zuwa 55.

Kawuna na cikinsu. Manomin albasa ne a Aliero, shi ke ɗinke buhunansa, shi ke lodi. Da hannun dama ya fara gardama, wurin mai ɗori ya nufa, kamar yadda kowa zai yi a garin da mutane ke zuwa daga nesa don ɗori. Dattijon ya lalluba hannun ya ce babu karaya, babu gocewar ƙashi, wannan ba aikinsa ba ne. Har yau ina ganin girmansa saboda wannan magana.

Sai aka koma allura. Kowace allura takan ba shi sauƙin 'yan makonni, ya koma lodi, ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Wannan ba baƙon abu ba ne: wani bincike da aka yi a Ostireliya aka wallafa a 2013 ya nuna waɗanda aka yi wa allurar kashe kumburi sun fi samun sauƙi da wuri, amma bayan shekara guda sun fi fama da dawowar ciwon.

Ana cikin haka wani ɗan uwanmu da ke Maiyama ya turo bidiyo a waya. Likita ne yake aiki a gwiwar hannu ba tare da ya tsaga ta ba. Huji biyu ko uku yake yi, kowanne bai wuce faɗin farce ba. Ta ɗaya ya zura siririyar kyamara mai fitila, ta ɗayan ya zura kayan aiki, yana kallon allo yana kankare ɓangaren jijiyar da ya lalace. Ni dai na sa mata suna tiyatar huji. Likitan Japan Masaki Watanabe ne ya kyautata irin wannan kyamara tun shekarun 1950. Amfaninta shi ne ƙaramin rauni, ƙaramin tabo, kuma likita na ganin cikin gaɓar.

A daren nan aka fara lissafin sayar da shanun huɗa guda biyu. Aka kira ni, wai ni ne mai difloma, in faɗi inda ake yi. Na karanta masa sunan ciwon, Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, mi ya haɗa ni da tanis, ni da ban taɓa ganin hilinta ba?" Aka yi dariya, amma maganar shanu ba ta dariya ba ce, domin da su ake noman da gidan ke ci.

Na ce, "Kawu, a bar shanun nan tukuna, mu ji ta bakin likitan ƙashi." Abin da ya gaya mana ya yi daidai da abin da na karanta. Kusan 8 ko 9 cikin 10 na masu ciwon suna warkewa ba tare da wuƙa ba, cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Ba a zancen tiyata sai an yi wata 6 zuwa 12 ana jinya yadda ya dace abin ya ƙi. Ko an yi ta hujin, sai an shafe watanni kafin hannu ya koma ɗaga buhu, ga kasadar taɓa jijiyoyin motsi da suka ratsa kusa da wurin. A wani bincike ma da aka wallafa a 2018, Kroslak da Murrell sun gwada mutum 26 a Ostireliya: rabi aka tsaga aka cire lalataccen naman, rabi aka tsaga fata kawai aka ɗinke. Duka ɓangarorin sun samu sauƙi, ba a ga fifikon na farko ba.

Abin da aka rubuta wa Kawu ba shi da ƙyalƙyali: ɗamara a ƙasan gwiwar hannu, ɗaga kaya tafin hannu na kallon sama, atisayen sauke wuyan hannu a hankali da ɗan nauyi kullum, da barin lodi. Na ƙarshen nan shi ne mai tsada. Hutu ga manomi a lokacin cirar albasa asara ce mai lissafi. 'Ya'yansa suka karɓi lodi, aka biya mai ɗinki. Wata tara ya ɗauka kafin ya iya riƙe fartanya ba tare da ya cije leɓe ba. Shanun suna nan.

Ba cewa nake yi tiyatar huji banza ce ba. Akwai wanda ya yi duk abin da aka ce, hannun ya ƙi, shi kam ya nemi ƙwararru irin na Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano su auna masa.

Abin da ya rage namu ne. Bidiyon nan minti biyu ne, ya kusa raba gida da shanunsa, don babu bayanin Hausa da ya zo tare da shi. A littattafanmu, da zarar jarumi ya kwanta sai a fitar da shi Indiya ko Masar a yi masa aiki, shafi na gaba ya miƙe garau. Mai karatu yana ɗaukar darasi daga nan ko ba mu yi niyya ba. Mu rubuta watannin jinya, mu rubuta wanda ya ɗauki nauyin gida a lokacin, mu tambayi likita kafin mu sa masa magana a baki. Wanda kuma yake da sunan da ya fi "tiyatar huji" dacewa, ya kawo mu ji. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.