Wayar Lasifika da Kunnen Mai Sauraro

A bayan kowace babbar lasifika akwai wayar da ba a cika kula da ita ba, sai fa masu ƙaunar sauti na haƙiƙa. Su kam sukan jujjuya ta a hannu, su duba kaurinta, su shafa bakinta mai ruwan zinare. Aikinta ɗaya ne: ta ɗauko wuta daga amfilifaya ta kai wa lasifika. Jan ƙarfe mai kauri, marar tsawo sosai, ya wadatar. Azurfa ta ɗara shi wajen ɗaukar wuta da kusan kashi 6 cikin ɗari kawai, zinaren kuwa tsatsa yake hanawa. Duk da haka, a 2007 an sa wa wasu wayoyi farashin dala 7,250 a Amurka, har wani mai suna James Randi ya yi tayin dala miliyan ɗaya ga mai iya bambance sautinsu da na masu rahusa ba tare da ya ga wacce aka jona ba. Ni abin da ke tsaya mini a rai shi ne kunne. Yaro yakan ji siririn sauti mai kaɗawa har sau 20,000 a daƙiƙa, amma shekaru suna rage wannan sannu a hankali. Kafin aljihu ya kai ga sayen irin wannan waya, kunne ya fara gajiya. Wataƙila natsuwa mutum yake saye, ya san bai bar wata kafa ba. Haka ɗan Adam yake: in ya ƙaunaci abu, sai ya nemi inda zai zuba ƙaunar, ko kunnensa ya shaida ko bai shaida ba.