Kindirmo Ba Sukari

Akwai wata ɗabi'a da ta shige mu 'yan boko, wato ba ma iya kai nono baki sai an zuba masa sukari. Da mutum ya ji ɗan tsami sai ya yamutse fuska, ya ce ya lalace. Masu sayar da yogot na roba sun gane lagonmu, suna zuba zaƙi yadda suka ga dama, mu kuwa muna sha ba tambaya. Alhali tun a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kimanin ƙananan cokula 12 ga baligi.

Ni dai larura ce ta koya mini haɗa kindirmo. Likita ya sami Babanmu da ciwon sukari, ya hana shi kayan zaƙi, ga shi kuwa mutum ne da ba ya kwana bai sha nono ba. Na kanti ya haramta gare shi, na talla kuma ba kullum ake sanin abin da aka gauraya a ciki ba. Ganin yadda ya soma ƙin abinci yana ramewa, sai na tafi wurin Goggo, wadda ta yi zaman aure kusa da ruga, na ce ta koya mini.

Ga yadda ta nuna mini. A dafa madara lita 1 a wuta kaɗan, ana juyawa, har ta fara kumfa a gefen tukunya. A sauke, a bari ta huce har mutum ya iya tsoma tsabtataccen yatsa ya ƙirga goma bai ƙone ba. Sai a zuba cokali 2 na kindirmon jiya, shi ne iri, a juya, a rufe ƙwarya da faifai, a ajiye inda ba mai taɓawa. Lokacin hunturu a lulluɓe ta da bargo. Da bazara kuwa sa'a 6 ta isa. Wanda ba shi da madarar shanu ya dama ta gari, amma ya duba gwangwanin ya tabbata ba a sa mata sukari ba. Goggo ta ce, "'Yar nan, nono ba ya son leƙe. In kika dame shi, ruwa zai tsinke miki."

Abin da ya ba ni mamaki shi ne da na koma aji na tarar malaminmu na ilmin ƙananan halittu yana faɗin maganar Goggo da lissafi. Dahuwar tana kashe miyagun ƙwayoyi. Ɗumin da yatsa ke aunawa kusan digiri 43 ne, wanda ƙwayoyin irin suka fi so. Su ne ke cin sukarin da Allah ya halitta cikin madara, kusan giram 5 a kowane 100, su mai da wani sashinsa tsami, tsamin kuma ya daskarar da madarar. Wani ɗalibi ɗan Bulgeriya, Stamen Grigorov, shi ya gano ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan a Janeba a 1905. Ashe tsamin da muke gudu shi ne shaidar aiki ya yi kyau.

Tun da ba duka sukarin madarar ke ƙarewa ba, mai ciwo sai ya sha gwargwadon da likitansa ya yarda. Mu masu lafiya kuwa, 'yan'uwa ɗalibai, harshe abin horo ne: mako biyu na yi ina sha haka, sai na fara jin garɗin man da sukari ke rufewa. Kada mu jira sai likita ya hana mu, domin rigakafi ya fi magani.