Ɗigon da ba murabba'i ba

Wanda ya buɗe Doom, wasan da kamfanin id Software ya fitar a 1993, cikin manhajar DOSBox a allon zamani, yakan tarar dodannin sun yi ƙiba, fuskar sojan nan ta ƙasan allo ta baje kamar an danne ta. Wasan kuwa lafiyarsa ƙalau. An zana shi ne da ɗigo 320 a kwance, 200 a tsaye, amma tsohon allo mai ƙusumbi, wanda fasalinsa 4:3 ne, yana ƙara wa kowane ɗigo tsayi da kashi ɗaya cikin biyar. Da wannan ƙarin masu zanen suka yi lissafi. Ɗigon allon yau murabba'i ne, sai hoton ya gajarce. In aka tilasta masa cika allo mai fasalin 16:9 kuma, ya ƙara bajewa.

Maganin layi ɗaya ne a fayil ɗin saiti: aspect=true. Hoton zai koma 4:3, baƙin fili ya bayyana hagu da dama. Da yawa ba sa jure ganinsa, sai su sake jan hoton, alhali fili ne da wasan bai taɓa mallaka ba. Mai son kowane ɗigo ya fito tsaf sai ya ninka faɗi sau biyar, tsayi sau shida, wato 1600 da 1200, in allonsa ya kai.