Jan Biro Ne Ya Zaɓa Mini Unguwa

A ƙarshen shekarar 2022 Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa, ya bar mu mu goma sha ɗaya, da iyayenmu mata biyu, da gida guda ɗaya a cikin birnin Kano. A gidan nan aka haife shi, a nan aka haife mu, a nan kuma na ajiye matata shekara goma sha shida a ɗaki ciki da falo, har muka tara 'ya'ya biyar. Bayan an kwana biyu magada suka ce a raba. Da yake gida ba gurasa ba ne balle a yayyanka, sai aka sa shi a kasuwa, wani attajiri ya saya don ya mai da shi wurin ajiye kaya. Aka ba mu wata shida mu tashi.

Abin da ya zo hannuna na gado, ko kango ba zai saya ba. Na je na karɓi rance a asusun taimakon kai-da-kai na malaman makarantarmu, wanda za a riƙa yanka daga albashina har shekara huɗu. Uwargida kuma ta kwance sarƙar zinaren da mahaifiyarta ta ba ta, da 'yan kunne, ta ce in haɗa. Da ta miƙo mini sai ta ce, "Malam, ni dai abu ɗaya nake roƙo. Ka samo mana inda zan shanya wanki ba tare da na jira wata ta kwashe nata ba." Na ce to. Ni kuma a raina akwai nawa sharaɗin da ban faɗa ba, wato makaranta. Babbar 'yata tana shirin shiga babbar sakandare, mai bi mata yana aji biyar na firamare, sauran na biye. Na kuma san kuɗin nan sau ɗaya za su zo mini a rayuwa. In na kuskure, ba gyara.

Mai karatu, wanda duk ya tashi a cikin birni bai san neman makaranta wahala ba ne. Mu da ƙafa muka yi firamare, da ƙafa muka yi sakandare, kuma sunaye irin su Shahuci da Rumfa da Dala tun muna yara muke jin su a bakin iyayenmu. Amma Kanon da kuɗina za su iya saye ba ita ce wannan ba. Ita ce wadda ta malala ta hanyar Katsina wajen Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa, ta hanyar Gwarzo wajen Rijiyar Zaki da Danbare, ta hanyar Maiduguri wajen Hotoro da Mariri, ta hanyar Zariya wajen Na'ibawa. A yawancin bayan waɗannan unguwanni gidaje ne suka riga komai zuwa. Gona ce jiya, aka yi mata awon igiya aka yayyanka fuloti, ba a bar filin makaranta ba, ba a bar na asibiti ba, wani wurin ko hanyar da mota za ta juya babu.

Wata biyu na yi ina bin dillalai a bayan babur. Da na ce ina son kusa da makaranta, sai dillali ya ce, "Ai Malam ka zo gida," domin a bakin dillali babu gidan da ba ya kusa da makaranta. Na ga gidaje sun fi ashirin, amma uku ne suka tsaya mini a rai. Na farko ban daɗe a kansa ba. A wajen Tarauni yake, ga titi, ga makarantu na gwamnati da na kuɗi ta kowane ɓangare. Da aka faɗi kuɗinsa sai na yi wa mai gidan fatan alheri, na hau babur muka juya.

Na biyu shi ne ya kusa raba ni da hankalina. Can gabas yake, bayan an wuce ƙarshen kwalta. Sabon gini ne, ɗaki huɗu, da soro, da tsakar gida mai faɗin da za a iya ɗaure tumaki a shuka zogale, ga rijiya. Kuɗinsa kuma daidai aljihuna, har da ragowar la'ada. Dillali ya nuna mini wani bene mai fenti shuɗi da ruwan ɗorawa, an zana giwa da jirgin sama a bangonsa, ya ce, "Ga makaranta nan, Turanci zalla. Yaran ko a gida ba sa Hausa." Na kai uwargida ta gani. Ta tsaya a tsakar gidan nan tana juyawa, tana nuna inda za ta sa murhu da inda za ta ɗaura igiyar shanya. Rabon da in ga fara'a irin wannan a fuskarta har na manta.

To amma gani ya kori ji. Shekara ashirin ina riƙe da alli, na san makaranta ba ranar Asabar ake ganinta ba. Ranar Litinin na nemi izini a wurin aiki, ƙarfe bakwai da rabi ina ƙofar benen nan. Yara suka zo fes da su, da takalma da safa. Aka shigar da ni ofis, aka ba ni takardar kuɗin zango, aka nuna mini kwamfuta uku a lulluɓe da zane. Na ce ni dai a ba ni littafin lissafin wani yaro ɗan aji biyar in duba. Aka yi jim, sannan aka kawo. Na buɗe, sai ga wannan: 1/2 + 1/3 = 2/5. An sa masa maki da jan biro, har an rubuta yabo a gefe. Yaron ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, alhali amsar 5/6 ce. Na duba littafi na biyu da na uku, duk haka. Ashe daga allo suka kwafa.

Ina cikin wannan sai malamin ajin ya shigo, ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Malam, barka da zuwa." Na ɗaga kai, sai na ga ɗalibina ne, wanda ya bar hannuna shekara uku da suka wuce. Yaro ne mai ladabi, amma ni na san da ƙyar ya haye lissafi. Bai samu ci gaba da karatu ba, aka ɗauke shi a nan da albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata. Ban ce masa komai ba a gaban mutane. Da ya rako ni waje na zauna a kan babur na nuna masa yadda ake yi a bayan takardar kuɗin zangon nan. Na tafi ina jin nauyi a ƙirjina, domin in akwai laifi a wannan jan biro, ina da kaso a ciki. A ajina ya zauna shekara uku, cikin yara fiye da tamanin, ban taɓa tsayawa a kansa ba.

Ba ina cewa duk makarantun kuɗi haka suke ba. Akwai na ƙwarai, na kuma san malamansu. Abin da nake cewa shi ne, fenti ba ya koyar da yaro. Sannan ga wata matsalar. Sakandaren 'yan mata mafi kusa da gidan nan, sai an yi tafiyar ƙasa an fito titi, a hau adaidaita sahu biyu. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013, adaidaita ita ce ƙafar talaka. A daidai kwanakin nan kuma, ranar 29 ga Mayu 2023, aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Na zauna na yi lissafin kuɗin motar yarinya ɗaya a wata, na haɗa da kuɗin zangon ƙannenta, na cire daga abin da rance zai bar mini. Abin da ya rage ko hatsi ba zai saya ba. Kuma na sha gani a rajistar ajina yadda abin yake ƙarewa. Yarinya takan fara da fashin Litinin, sai Litinin da Alhamis, daga nan sai a ji an sa mata rana.

Gida na uku a wata tsohuwar unguwa yake ta hanyar Panshekara. Tsohon gini ne, ɗaki uku ƙanana, tsakar gidan kuwa in an shimfiɗa tabarma biyu ta cika. Babu rijiya, sai an saya a wurin 'yan garuwa. Kuɗinsa kuma ya ɗara na wancan. Dillalin ma da kunya ya nuna mini shi. Makarantar da ke kusa ta gwamnati ce, katangarta ta zube ta gefe guda, tagogi babu marufi. Tun da gwamnatin jiha ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019 yara suka ƙaru a irin waɗannan makarantu, azuzuwa kuwa ba su ƙaru yadda yaran suka ƙaru ba. Da ido kawai zan yi hukunci, da ban tsaya ba.

Nan ma na koma ranar aiki da sassafe. Na tarar da hedimasta, wani dattijo mai furfura, a tsaye a bakin ƙofa da littafin sa hannun malamai a hannunsa. Ƙarfe takwas saura kwata ya ja layi a ƙarƙashin sunan ƙarshe. Na gaishe shi na ce, "Ranka ya daɗe, ni ma malami ne, gida nake nema a unguwar nan." Ya yi murmushi ya ce, "To shiga duk ajin da ka ga dama." Na shiga aji biyar. Yara sun kai casa'in, rabinsu a ƙasa. Na karɓi littafin wata yarinya da ke can baya. Kowane shafi da kwanan wata, kowane aiki an bi shi da jan biro. Inda ta yi kuskure an kewaye, an rubuta gyara a ƙasa, ta sake yi, an sake dubawa. Na ɗauki na wani yaro, haka. Wanda bai taɓa gyaran littafi casa'in ba, ba zai san abin da na gani ba. Malamar nan ba ta barci da wuri.

Na tambayi hedimasta wa ya yi musu sabon rufin da na gani a azuzuwa biyu. Ya ce iyayen yara ne, da mai unguwa, da wani tela da ke karɓar karo-karo duk Juma'a. Daga nan na taka da ƙafa zuwa sakandaren 'yan mata, ina duba agogo: minti goma sha biyu, kuma duk ta cikin mutane. Da magariba na sake dawowa na zauna a wurin mai shayi, domin unguwa ma makaranta ce, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Na ga 'yan Islamiyya sun taso, na ga wani dattijo ya kori yaran da suka tsaya a ƙofar gidan kallon ƙwallo, kuma suka tafi ba wanda ya ɗaga masa murya. A nan na yanke shawara.

Faɗa wa uwargida shi ne aikin. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Wato Malam, zinarena na sayar don in koma wani akurkin?" Kwana uku ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa. Ban ga laifinta ba. Ni da safe nake fita, ita ce za ta wuni a tsakanin bangon nan huɗu. Inna ce ta shiga tsakani. Ta kira ta ta ce, "'Yar nan, ni ban yi boko ba, amma na san ɗaki ana ƙara shi, shekarun yaro kuwa ba a dawo da su." Ta juyo kaina ta ce, "Kai kuma ka ci bashinta. Ranar da ka gama biyan na gwamnati, nata za ka fara." Na ce na ɗauka. Muka tare kafin a koma sabuwar shekarar karatu.

Da labarin ƙirƙira nake rubutawa, da a nan zan tsaya. Amma shekara guda da tarewarmu hedimastan nan ya yi ritaya, malamar aji biyar kuma aka yi mata canjin wurin aiki. Cikin zango ɗaya na fara ganin littafin ɗana yana dawowa babu jan biro. A shekarar ce, 2024, gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, muka ji daɗi, amma na san kafin abin da aka faɗa a taro ya iso aji biyar na unguwarmu, yaro ya riga ya wuce ajin. Na kwana ina tunanin ko na yi asarar gidan mai rijiya a banza.

Telan nan ne ya warware mini. Ya zo karɓar karo-karo ya ce, "Malam, kuɗinka muna so, amma kanka muka fi so. Da kake ganin makarantar nan, hedimasta shida na gani a cikinta. Mu ne ba a yi wa canji." Maganar ta shige ni. Ashe ni na zo ne in ci abin da wasu suka dafa, ban tambayi wa ke hura wutar ba. Na shiga kwamitin iyaye. Muka je muka gai da sabon hedimasta, muka nuna masa muna duba littattafan yaranmu, kuma ya karɓe mu hannu biyu. Ranakun Alhamis da Juma'a da la'asar, da yake babu Islamiyya, ina shimfiɗa tabarma a ƙofar gida in yi wa yaran layinmu lissafi. Ɗalibin nan nawa na benen mai giwa shi ma yana zuwa duk ƙarshen wata, muna bin abin da zai koyar tun kafin ya shiga aji.

Yanzu babbar 'yata tana zuwa makaranta da ƙafarta, ba ta taɓa fashi don kuɗin mota ba. Ɗan'uwanta ya ƙwallafa rai a kan makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa ko ta Dawakin Kudu, waɗanda tun 1977 suke fitar da likitoci da injiniyoyi a jihar nan. Ko zai samu, Allah ne Masani. Uwargida kuwa har yau a kan katanga take shanya rabin wankinta, kuma duk ranar da 'yan garuwa suka ƙara kuɗin jarka sai ta dube ni, ni kuma in sunkuyar da kai. Saura 'yan watanni in gama da rance. Na riga na je kasuwa na tambayo kuɗin sarƙa.