Wa zai tarbe ka idan ka sauka?

Da wuya a cuci mutumin Ƙonni a canjin kuɗi. Yaron da ya tashi tsakanin tashar mota da hanyar Illelar Najeriya ya san yadda naira ta kwana da yadda ta wayi gari, kafin ka ciro waya ka danna lissafi ya riga ya gaya maka abin da jika goma za ta ba ka. Manomin Galmi da ya ɗaga buhun albasa ya san ko an yi masa coge a ƙasa. Dillalin kasuwar Badagishiri haƙoran bijimi kawai zai duba ya faɗi shekarunsa. Mu mutanen bakin iyaka ne, da ciniki aka yaye mu.

Duk da haka, a shekarun da na yi ina koyarwa a wannan yanki, na sha zama da mutanenmu da suka dawo daga Dubai, ko Guangzhou ta ƙasar Sin, ko Santambul, ko ma ƙasa mai tsarki, suna ba da labarin yadda aka wanke su da dabarar da ko yaron aji uku ba zai faɗa mata ba a kasuwar Laraba. Na daɗe ina tambayar kaina abin da ke faruwa da wayonmu idan muka hau jirgi. Amsar da na samu ita ce, wayon da muke taƙama da shi a gida rabinsa na jama'a ne. A nan ka san kowa, kowa ya san ubanka, wanda ya cuce ka yau gobe za ku haɗu a masallaci. Can kuwa kai kaɗai ne, baƙo kuma ko da ido makaho ne.

Kakanninmu sun san haka, shi ya sa ba su fita fatauci ɗai-ɗai ba. Masu zuwa Gwanja neman goro a ayari suke tafiya, madugu na gaba, shi ya san rijiyoyi da sarakunan hanya da abin da ake biya a kowace mashiga. Idan sun isa Salaga ko Kumasi, zango ake sauka, gidan wani mai gida Bahaushe. Shi zai ba ka ɗaki, ya adana kayanka, ya haɗa ka da mai saye, ya tsaya maka idan an ci bashi, a ba shi la'adarsa. Ba ya iya cin amanarka, domin labari zai bi ayari ya koma gida, baɗi ba wanda zai sauka wurinsa. Har yau da wannan tsari albasar Galmi ke isa Abijan da Akra: mai kaya ya san sunan wanda zai tarbi motar tun kafin a ɗaure igiya. Abin da ya canza shi ne yanzu saurayi yana iya tashi daga ƙauyensa ya kwana Yamai, jibi ya wayi gari a wata duniya, duk abin da yake riƙe da shi lambar wayar wani mutum ce da bai taɓa gani ba.

Akwai wani tsohon ɗalibina daga wani ƙauye kusa da Malbaza, yaro mai kaifin lissafi, wanda ya bar makaranta a kwaleji. Wani da suka haɗu a WhatsApp ya ce zai samar masa bizar aiki a Dubai, da wurin kwana, da albashi. Uban ya sayar da albasar shekarar da bijimai biyu aka tura kuɗin. Biza ta fito, yaro ya tafi. Sai da ya sauka ya gane bizar ziyara ce ta ƴan makonni, wadda dokar ƙasar ta hana a yi aiki da ita. Wanda ya ce zai tarbe shi a filin jirgi wayarsa a kashe. Wasu ƴan ƙasarmu suka ji tausayinsa suka ba shi gefen katifa a unguwar Deira. Da wa'adin biza ya cika, tara ta fara hawa kansa, dirhami 50 kowace rana, wajen jika 8 ke nan a kuɗinmu. A wata uku ta kai dirhami 4,500, abin da ya tasar wa jika 700.

A cikin waɗannan watanni hoto ɗaya ya turo gida. Yana tsaye gaban Burj Khalifa, ginin nan mai tsawon mita 828 da aka buɗe a 2010, da tabarau da sabuwar riga. Hoton ya zaga ƙauye, ya shigo har ajina a wayar wani yaro. Ba wanda ya gaya wa yaran cewa tsayawa gaban ginin kyauta ce, rigar kuma ta aro ce. Ranar da uban ya zo wurina da takardar da aka turo masa a waya don in karanta masa, ya ce, "Mushe, ka duba mini, sun ce in ba a biya ba ba zai fito ba." Na karanta na ce, "Baba, gaskiya ne, kuma kullum ƙaruwa take yi." Ya yi shiru, can ya ce, "To ai gonar fadama ta rage." Da kuɗin jinginar gonar nan yaron ya dawo. Ba na zargin yaron a kan hoton. Wanda aka sayar da shanu dominsa ba ya iya turo hoton katifar da yake kwana a kai. Amma a shekarar nan yara biyu daga ƙauyen suka ajiye littafi suna cewa su ma Dubai za su.

Wanda ya je da kuɗinsa da sahihiyar takarda ma bai tsira ba, sai dai tasa cutar ƙarama ce. Wani abokina da ya yi karatu a Alƙahira ya ce a wurin dalar Giza mai raƙumi zai ce maka hawa kusan kyauta ne, sai raƙumi ya miƙe da kai ya yi nisa cikin rairayi sannan a gaya maka kuɗin sauka. Ka ji fa, Ba'adare ne ake sayar wa hawan raƙumi. A Paris, a matakalar cocin da ke kan tudun Montmartre, wani zai kama hannunka da fara'a ya ɗaura maka zare a wuyan hannu, kafin ka ce uffan ya ƙulle, sai ya nemi yuro 10 ko 20. Yuro ɗaya sefa 656 ne, yuro 20 sun haura jika 13, kuɗin zaren da bai kai dala biyar ba. Kusa da hasumiyar Eiffel akwai masu wasan kofi uku da ƙwallo, waɗanda ke cin kuɗi a gabanka duk abokan mai wasan ne. Wannan ai wala-wala ce irin ta tashoshinmu, tufafi kawai ta sauya. A Santambul mai gyaran takalmi zai yar da burushinsa kamar bai sani ba, ka ɗauka ka miƙa masa, ya rantse sai ya goge maka takalmi don godiya, a ƙarshe ya tsare ka da kuɗi.

Idan ka duba, duk da tarbiyyarmu ake kama mu. An koya mana kada mu mayar da hannun kyauta baya, kada mu wuce wanda ya yi mana sallama, kada mu yi musu da mutum a bainar jama'a. Halaye ne masu kyau, ba na fatan mu rabu da su. Sai dai ya kamata yaro ya san cewa a wurin da dubban baƙi ke wucewa kowace rana, wanda ya tare ka da kyauta alhali bai san ka ba, sana'arsa yake yi. Ka ce a'a ka ci gaba da tafiya, ba ka yi rashin kunya ba.

Ta fannin kasuwanci asarar ta fi girma. Ƴan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou, musamman unguwannin Xiaobei da Sanyuanli inda ƴan Afirka suka fi yawa, kusan duk labari ɗaya suke bayarwa. Samfurin da aka nuna maka a shago daban, abin da aka zuba a kwantena daban, ba kuma za ka sani ba sai bayan wata biyu ko uku, lokacin da kayan suka iso. Tafintan da ke raka ka yana karɓar lada a hannunka, yana kuma da nasa kaso a wurin mai shago, an riga an ɗora shi a kan farashin da aka faɗa maka. Waɗanda suka daɗe a harkar ba su biyan kuɗi duka sai sun tsaya da ƙafarsu an buɗe kwalaye an ƙirga a gabansu, kuma ba su yarda da cinikin da ba a rubuta ba.

Akwai kuma asarar da ba wanda ya cuce ka, lissafi ne bai cika ba. Saurayi zai ga farashin takalmi a can, ya tuna farashinsa a Ƙonni, ya ɗauka bambancin duk riba ce. Bai sa kuɗin jirgi da masauki ba, bai sa jigilar teku ba, bai sa duwan ba. Da can yawancin kayanmu ta Kwatano suke shigowa. Tun da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin mota ya ƙaru, jira ya ƙaru. Mu da muka ga yadda kasuwar garin nan ta yi sanyi lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, bai kamata a tuna mana cewa hanya ma tana cikin farashin kaya ba.

Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce damfarar aikin Hajji, domin tsofaffinmu take ci. Mutum ya shekara ashirin yana tara kuɗi, sai wani ya zo ya ce yana da hanya mai sauƙi: a tafi da bizar ziyara ko ta Umra, a laɓe har lokacin Hajji. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari kuma ba su da izinin aikin Hajji. Zafi ya haura digiri 50 a Makka a kwanakin. Wanda ba shi da izini ba shi da tanti mai sanyi a Mina, ba shi da motar da za ta kai shi Arfa, da ƙafa yake tafiya cikin rana yana ɓuya wa jami'ai. A ƙasarmu hukumar COHO ce ke kula da Hajji da Umra, ita ke tantance kamfanonin da aka yarda su yi jigilar alhazai. Duk ɗan da zai biya wa mahaifiyarsa kujera, ya fara tabbatar da sunan kamfanin yana cikin waɗanda aka amince da su. Araha a wannan wuri tana iya zama ajali.

Ba ina cewa a hana yara fita ba ne. Jihar Tawa da ci-rani aka san ta, gidaje da yawa na siminti a Illela da Ƙonni da kuɗin Abijan da Libiya aka gina su, kuma tafiya mabuɗin ilimi ce. Abin da nake roƙon ƴan'uwana malamai shi ne mu shigo da wannan duniyar cikin aji. Ni a darasin lissafi na daina tsayawa ga mangwaro da lemo. Nakan ba su farashin kaya da yuro, da kuɗin jigila, da na duwan, in ce su fitar da ribar da sefa. Ranar farko da muka yi, da amsa ta fito asara, wata yarinya ta ce, "Mushe, ashe shi ya sa kawuna bai koma ba." Nakan kuma zana musu fasalin biza a allo, in nuna inda ake rubuta irinta da ranar ƙarewarta. Yaron da ya iya karanta waɗannan layuka biyu ya fi ƙarfin rabin ƴan damfara. Idan akwai ɗan kasuwa a gari da zai yarda ya faɗi gaskiya, a gayyato shi ya zauna da ɗalibai, ya ba su labarin kwantenar da ta zo da kayan banza kamar yadda yake ba da labarin wadda ta yi riba.

Iyaye kuma, kafin a kwance saniya daga turke, a zaunar da yaro a yi masa tambayoyin da madugu zai yi. Wace irin biza ce, wa ya karanta ta ban da wanda ya sayar da ita? Wa zai tarbe ka, ɗan gidan wa ne, wa ya san shi a garin nan? Idan abu ya ɓaci, da wane kuɗi za ka dawo? In wanda ke shirya tafiyar ya ce a yi sauri kada dama ta wuce, ko ya ce kada a gaya wa kowa, to a riƙe kuɗin. Mai gaskiya ba ya tsoron a kwana ana bincike.

Sannan mu sassauta wa wanda ya dawo hannu wofi. Muddin dariya da habaici ke jiran sa a majalisa, ba zai faɗi abin da ya same shi ba, hoto mai kyau zai ci gaba da turowa, ƙannensa kuma su bi sawu su faɗa ramin da ya faɗa. Tsohon ɗalibin nan nawa yanzu yana noman rani, ya kusa fanso gonar ubansa. Bara ya yarda ya zo ya yi wa ƴan aji shida magana, ya nuna musu takardar tarar da hannunsa, suka yi ta juya ta suna lissafa ta da sefa. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su da mutuncinsu.